Shekara Ashirin a Paraku, Shekara 150 a Amurka

A watan Disamba na 2021 ina cikin motar haya daga Paraku zuwa Jugu, garin da tsofaffin fatake ke kira Zugu, sai rediyon direba ya kawo labarin cewa kotun CRIET da ke Porto-Novo a lokacin ta yanke wa Reckya Madougou ɗaurin shekara 20. Motar ta yi tsit na ɗan lokaci, don a Paraku ba a buƙatar a gabatar da ita ga kowa. Tsohuwar ministar shari'a ce a gwamnatin Boni Yayi, kuma zargin da aka yi mata shi ne ɗaukar nauyin shirin kashe wasu 'yan siyasa a Paraku kafin zaɓen 2021. Ta musanta, lauyoyinta kuma suka ce siyasa ce tsagwaronta.

Wani dattijo da ke gefena, ɗan Zongo mai sayar da goro, ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, in da gaske ta yi abin da suka ce, me ya hana su ce rai-da-rai? Na ji a Amurka har shekara ɗari da hamsin ake ba mutum. Wa zai kai?" Na ce, "Baba, wallahi sai na bincika." Tun ranar tambayar take bina.

Abin da Baba ya ji gaskiya ne. A 2009 wata kotu a New York ta ba Bernard Madoff shekara 150 saboda damfarar biliyoyin daloli, alhali yana da shekara 71. Alƙalin ya san lissafi. Dalili na farko shi ne a can kowace tuhuma da hukuncinta, kuma alƙali na iya cewa a yi su ɗaya bayan ɗaya. Madoff tuhuma 11 ya amsa, babu wadda hukuncinta ya kai rai-da-rai, sai aka tara mafi girman hukuncin kowacce. Akwai kuma dabara a ciki: idan kotun ɗaukaka ƙara ta soke tuhuma ɗaya, sauran suna nan daram. Sannan a jihohi da dama kalmar rai-da-rai ba ta nufin abin da kunne ke ji, domin bayan wasu shekaru fursuna na iya neman sakin talala. Lambar da ta fi tsawon rai tana toshe wannan ƙofar.

Wani lokaci kuwa lambar magana ce ga waɗanda aka zalunta. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a 2004, kotun Spain ta ba Jamal Zougam fiye da shekara 42,000 a 2007, ana ƙirga kowane mamaci da kowane mai rauni, duk da cewa dokar ƙasar ba ta bari a wuce shekara 40 a tsare. Uwar da ta rasa ɗa tana so ta ji an ƙirga nata.

To me ya sa ba a jin irin wannan a kotun Jugu ko kotun ɗaukaka ƙara ta Paraku? Amsar tana cikin gadon Faransa. A tsarin Faransa, idan aka gurfanar da mutum kan laifuffuka da yawa lokaci guda, ba a tara ɗaurin ba iyaka, hukuncin laifi mafi girma shi ne rufin da ba a wucewa. Dahomey ta karɓi dokar laifuffuka ta Faransa tun zamanin mulkin mallaka, kuma Benin ta ci gaba da aiki da wannan tsohuwar doka, da gyare-gyare, har 2018. Abin mamaki ne a ce ƙasa ta yi shekara 58 da 'yanci tana hukunta 'ya'yanta da littafin da aka rubuta tun kafin a haifi kakanninsu.

Kafin zuwan Faransawa, ayarin fatake daga Kano da Sakkwato da ke bi ta Nikki da Paraku da Zugu zuwa Gwanja sayen goro ba su san ɗaurin shekaru ba. Rigimar cikin ayari madugu ne ke raba ta, ta zango kuma mai masauki da limami da sarki. Tara, diyya, kora daga gari, ko kisa, su aka fi sani. Ƙirga laifi da kalanda abu ne da ya zo tare da Bature, kuma ƙarƙashin dokar talakawan mallaka da aka soke a 1946, kwamanda na iya kulle mutum kwana 15 ba tare da ganin alƙali ba.

Shi kuma rai-da-rai a Benin ya sami sabon nauyi ne kwanan nan. Tun 1987 ba a sake aiwatar da hukuncin kisa ba. A 2012 ƙasar ta shiga yarjejeniyar duniya ta soke shi, amma mutum 14 suka ci gaba da zama a kurkukun Akpro-Missérété suna jiran mutuwar da doka ta riga ta hana, biyu daga cikinsu 'yan Najeriya. Sai a Fabrairun 2018 Shugaba Patrice Talon ya mayar da hukuncinsu ɗaurin rai-da-rai, gyaran tsarin mulki na 2019 kuma ya rubuta sokewar. Yanzu rai-da-rai ne ƙololuwa, shi ya sa ake ajiye shi don mafi munin laifi.

A ganina, a shari'o'in da suka shafi siyasa, shekara 20 tana yin aikin da rai-da-rai ba zai yi ba. Ita aka ba Sébastien Ajavon a 2018 ba ya nan, ita aka ba Madougou, ita kuma aka ba Olivier Boko, tsohon aminin Talon, a Janairun 2025. Ba ta tayar da hankalin ƙasashen waje kamar kalmar rai-da-rai, amma zangon shugaban ƙasa huɗu ne na shekara biyar-biyar, yadda tsarin mulki yake a lokacin. Madougou tana da shekara 47 ranar hukuncin. Wani alƙalin CRIET, Essowé Batamoussi, ya bar ƙasar a Afrilun 2021 yana cewa ana matsa musu lamba, a 2022 kuma kwamitin ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce tsare ta ya saɓa ƙa'ida. Gwamnati ta tsaya a kan cewa kotu ta yi aikinta.

Daga baya na koma Jugu na je kasuwa na sami Baba, na kwashe duk wannan na faɗa masa. Ya saurara yana feshe gorona da ruwa, ya naɗe shi a ganye, sannan ya ce, "To shi wancan na Amurka, nawa ya yi a ciki?" Na ce ya rasu a kurkuku a Afrilun 2021, bai cika goma sha uku ba.