Ɗigo Hamsin a Daƙiƙa

Mu da muka fara riƙe alli a ƙarshen shekarun 1970, fiziks ɗin kallo muka gada. Malam ya tsaya bayan dogon teburi ya gwada, yara su yi ta miƙa wuya, daga nan a buɗe littafin fiziks na Abbott a kwafa.

Daga nesa sauyin ya taso. A 1956 Jerrold Zacharias na jami'ar MIT a Amurka ya tara masana don su sake wa darasin fasali. Da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam Sputnik a 1957, hankalin gwamnatin Amurka ya tashi, ta buɗe bakin aljihu. Ingila ta biyo baya da shirin Nuffield a 1962. Kiransu ɗaya ne, a danƙa wa yaro kayan aiki ya auna da kansa. A tarukan STAN, ƙungiyar malaman kimiyya ta Najeriya, muka sha wannan karatu, a daidai lokacin da Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977.

Cikin kayan zamanin, babu wanda ya shiga raina kamar 'yar na'urar nan mai buga ɗigo hamsin a daƙiƙa a kan siririyar takarda. A liƙa takardar a bayan ƙaramin keken katako, a sake shi a gangare. Yaro ya ɗaga ta ya ga ɗige-ɗigen sun faro a cunkushe, suna ta buɗewa. Ya yanka ta goma-goma, ya jera a littafi, sai ga matakala tana hawa. Ƙaruwar gudu ke nan a tafin hannunsa, tun ban rubuta komai a allo ba.

Sai dai da wuta take aiki. A makarantar da na fi daɗewa, ranar da aka ɗauke wuta, zare da dunƙulen ƙarfe muke komawa: mita ɗaya, lilo ashirin, kusan daƙiƙa arba'in. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda daga baya aka kulle kayan a kabad, ba a fito da su sai jarrabawar gwaji ta ƙarato.

Yanzu matasan malamai suna nuna mini PhET a waya, manhajar kwaikwayon gwaje-gwaje da aka fara a jami'ar Colorado a 2002. Tana da kyau ƙwarai, ina kuma ƙarfafa musu gwiwa. Amma zarenta ba ya harɗewa, don haka nakan roƙe su su rataya na gaske a jikin taga, yara su ƙirga da bakinsu.