Mahon da ke da jini

A Lambara, in an kwantar da wani namu a Sakkwato don aikin ƙashin baya, tambayar da muke yi ɗaya ce: zai tashi ya taka? Da wuya wani ya tambayi ɗinkin. Alhali sau da yawa nan ne ake kwana da fargaba. Fatar gadon baya a miƙe take bisa ƙashi, majinyaci kuma a kanta yake kwance. Idan ɗinki ya buɗe, ƙwayoyin cuta sun sami hanya zuwa ƙarfen da aka saka, har zuwa laka.

Dabarar da ake rufe irin wannan rauni da ita ta haura shekara ɗari. A 1896 wani likita a Italiya, Iginio Tansini, ya yanko fata daga bayan mace ya juyo da ita ya rufe gurbin nonon da aka cire. Bakin fatar ya riƙa mutuwa. Sai ya bi sawun jijiyoyin jini, ya gano ta cikin faffaɗar tsokar baya suke bi kafin su kai fata. A 1906 ya bayyana gyaran: a ɗauko fata da tsokarta tare, a bar jijiyar a manne. Maho ke nan, irin na tela, sai dai wannan yana da jininsa, kuma jinin ne ke kai magani cikin rauni.

Sai aka manta da shi. Hanyar William Halsted na Amurka ce ta yi kasuwa, shi kuwa ba ya son wannan juye-juyen. Ba mu ga laifin Tansini ba. Sunan wani ne ya fi nasa amo. Sai a 1976 Neven Olivari ya farfaɗo da dabarar a Jamus, a 1978 kuma John McCraw da abokan aikinsa suka nuna amfaninta wajen rufe manyan raunukan ƙirji da na baya. Yau an fi jawo tsokokin da ke gefe biyu na ƙashin a haɗe su bisa ƙarfen.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu, amma ta fuska ya shigo. Asibitin Noma na Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, yana ɗauko nama mai rai daga wani sashe na jikin yaro ya cike kumatun da cutar ta zaizaye. Yaron da a da abinci ke zubo masa ta kunci, sai ga shi yana shan kunu da ludayi.