Shahidan Libiya da Tsohuwar Rigimar Kalsidon

A watan Fabrairun 2025 aka cika shekara goma da 'yan ƙungiyar IS suka yi wa wasu leburori 21 yankan rago a gaɓar teku kusa da Sirte, a Libiya. Ashirin daga cikinsu Ƙibɗawa ne Kiristocin Masar, ɗayan kuma, Matthew Ayariga, ana kyautata zaton ɗan Ghana ne. Cocin Ƙibɗawa bai yi wata-wata ba, cikin 'yan kwanaki ya sanya su sahun waliyyai. Amma da Fafaroma Francis ya ce a watan Mayun 2023 Katolika ma za su rubuta sunayensu a kundin shahidansu, sai aka shiga tambaya: yaya Rum za ta girmama mabiyan cocin da ta raba gari da shi fiye da shekara 1,500?

Asalin rabuwar shekarar 451 ce, lokacin da Sarkin Rumawa Marsiyan ya tara ɗaruruwan bishop-bishop a Kalsidon, wadda yau unguwa ce a Istanbul. Majalisar ta bi wasiƙar Fafaroma Liyo, ta ce Almasihu ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta ɗan'adam. Mutanen Iskandariyya, wato kakannin Ƙibɗawa, suka tsaya a kan cewa biyun sun haɗu sun zama ɗabi'a ɗaya, ba tare da wata ta haɗiye wata ba. Daga baya Habasha da Armeniya da wani sashe na Siriya suka mara musu baya.

Wanda rigimar ta ci shi ne Diyoskorus, shugaban cocin Iskandariyya. Shekara biyu kafin nan shi ya jagoranci wani taro a Afisa, inda ya wanke wani malami mai suna Yutikas daga zargin bidi'a, ya kuma tuɓe Filabiyan, bishop na Kustantiniyya, wanda ya rasu ba da jimawa ba. Liyo ya kira zaman taron 'yan fashi. Sai ga shi a 450 Sarki Tiyodosiyas, majinginar Diyoskorus, ya faɗo daga kan doki ya mutu, reshe ya juye da mujiya. A Kalsidon wakilan Rum suka ƙi zama da shi, aka zaunar da shi a tsakiya a matsayin wanda ake ƙara. Daga baya aka aika masa sammaci har sau uku ya ƙi zuwa, aka tuɓe shi, aka kore shi zuwa Gangra, can ya rasu a 454.

Littattafan Yamma sun daɗe suna kiransa ɗan bidi'a mai kama-karya. Ƙibɗawa kuwa waliyyi ne a wurinsu, har suna ba da labarin cewa an doke shi a fada haƙoransa suka zube, aka tuge masa gemu, ya tattara ya aika gida don jama'arsa su gani. Bayanan zaman majalisar sun fi ƙarfafa Ƙibɗawa. A ciki Diyoskorus ya ce in har Yutikas ya saɓa wa koyarwar coci, wuta ta cancance shi. Anatoliyas, magajin Filabiyan, shi ma ya faɗa a bainar taro cewa ba don aƙida aka tuɓe shi ba, sai don ya yanke Liyo daga tarayya, ya kuma ƙi amsa sammaci. Hannunsa bai fita daga abin da ya sami Filabiyan ba, amma takarar girma tsakanin manyan birane uku, Rum da Kustantiniyya da Iskandariyya, ta yi tasiri a hukuncin kamar yadda tauhidi ya yi.

Shahidai dai sun riga malamai tsallake wannan iyaka. Rum ta daɗe tana girmama Kiristocin Najran da Zu Nuwas ya hallaka wajen 523, waɗanda malaman tafsiri da dama ke dangantawa da Ashabul Ukhdud, da Sarki Kaleb na Habasha da ya ɗaukar musu fansa, alhali shi ba mabiyin koyarwar Kalsidon ba ne. A 1973 Fafaroma Paul na Shida da Shenuda na Uku, shugaban Cocin Ƙibɗawa, suka sa hannu kan sanarwar cewa abu ɗaya suka gaskata game da Almasihu. A 2024 aka ƙara Ishaƙu na Nineba a kundin Rum, ɗan Cocin Gabas, wanda tasa rabuwar ma ta girmi Kalsidon.

Karɓar wanda ya mutu don imaninsa ba ya tilasta wa kowa ya ce kakanninsa sun yi kuskure, shi ya sa ya zo da sauƙi. Wanke malamin da aka tsine wa kuwa sai an sake duba hukuncin majalisa. A 1990 malaman Otodoks na ɓangarorin biyu, masu bin Kalsidon da waɗanda suka ƙi ta, sun ba da shawarar a janye tsinuwar da aka yi wa juna, amma har yau ba a zartar ba. Diyoskorus bai shiga kundin Rum ba, Liyo ma bai shiga na Iskandariyya ba.