Tuta a Tarihin Haɗejiya

A Haɗejiya an fara sanin tuta a matsayin izini tun kafin a san ta a matsayin alamar ƙasa. Gabanin jihadi, garuruwan fadamar kogin Haɗejiya, irin su Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya kanta, suna bin Borno ta hannun Galadiman Nguru. Bayan hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gudu a 1804, Fulanin yankin suka yi mubaya'a, aka karɓo wa Umaru ɗan Harɗo Abdure tuta, daga baya ƙanensa Sambo ya hau sarautar ya zauna cikin birni. Abin da ya ba ƙyallen nauyi shi ne hannun da ya miƙa shi: mai tuta wakili ne, yaƙinsa ya halatta, amma kuma akwai wanda zai iya tuɓe shi.

Mai musu zai kawo Buhari ɗan Sambo, ya ce ai takobi ne ya yi mulki, tuta ado ce. Hujjar tana da ƙarfi, domin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya sa aka tuɓe shi aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu, Buhari ya dawo ya ƙwace gari, ya fatattaki rundunar Sakkwato a Kaffur, ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1863. Sai dai abin nasa ya samu sunan tawaye ne saboda akwai alkawarin da aka warware, kuma yana kaucewa magadansa suka koma bin Sakkwato. Da ƙarfi kaɗai ne tushen sarautar, me zai mayar da su?

Tutar da ta zo bayan ta jihadi ta tsibiri ce, ta Birtaniya, wadda aka harhaɗa daga gicciyen Ingila da na Sukotland a 1606, aka ƙara na Ayaland a 1801. Wannan ba a miƙa wa kowa ita ba, kafa ta aka yi, bayan sojojin Turawa sun shiga birni a watan Afrilun 1906 sun kashe Sarki Muhammadu, wanda har yau ake kira Mai Shahada. Daga nan ma'anar tuta ta koma kan iyaka da ofis, kuma a haka kore da farin da Taiwo Akinkunmi ya zana suka gaje ta ranar 1 ga Oktoba, 1960.