Daga tubali zuwa siminti: yadda gida ya yi tsada a Damagaram

A ƙauyukan Guna, cikin gundumar Mirya, lokacin gini yakan zo ne bayan gero ya shiga rumbu. Mutum ya haƙo ƙasa a bakin kududdufi, ya zuba mata ruwa da ciyawa, ya tattake ta da ƙafa, ya bar ta ta kwana biyu ta jiƙu, sannan a buga bulo a shanya. Kuɗin da zai fitar bai wuce na magini da ƙofa da abin rufi ba, sauran kuwa ƙarfinsa ne da gayyar ƴan'uwa. Amma ranar da ɗansa ya tare a birnin Damagaram ya ce zai yi gida, lissafi ya sauya: fili da takardarsa, siminti, rodi, kwano.

Da ba haka abin yake ba. Sarki Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya riƙe Damagaram daga 1851 zuwa 1884, da ƙasa ya kewaye Birni, tsohuwar unguwar garin, da ganuwa, kuma fadar da sarakuna ke zaune a ciki har yau ta ƙasa ce. A Zango, inda ayarin Buzaye da fataken Larabawa ke sauka, attajirai irin su Malam Yaro da ƙasar suka yi soraye, aka ƙawata fuskar gida da zane. Sarki da talaka abu ɗaya suke ginawa da shi, bambancin yana ga gwanintar magini. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufi in ɗaki ya yi faɗi, sai magina su ɗaura bakan gizo ya raba nauyin. A shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, a kafa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin gini. Ramin da aka haƙo ƙasar ma bai tashi a banza ba: shi ne kududdufin da ke tare ruwan unguwa da damina. Sharaɗin gidan ɗaya ne, a yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka.

Faransawa sun shigo a 1899, shekara guda bayan kashe Kyaftin Cazemajou a zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. Daga 1911 Damagaram ce hedikwatar ƙasar, har 1926 da aka mayar da ita Yamai, ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Tsakanin Birni da Zango suka yanka sabuwar unguwa mai miƙaƙƙun tituna. Abin da suka bari wanda ya fi titunan daɗewa shi ne takarda. Filin da a da ake nema wurin sarki ta hannun mai unguwa ya koma abin da ofis ke aunawa ya ba shi lamba. A harshen ofis kuma aka raba gini biyu: na siminti da dutse shi ne “na dindindin”, na ƙasa kuwa na wucin gadi. A ganina nan ne gidan ƙasa ya fara zubar da girma, tun kafin talaka ya taɓa buhun siminti.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, tallafin gwamnati wannan hanyar ya bi. Aka kafa kamfanin SONUCI mai gina gidaje, bankin Crédit du Niger na ba da rancen gini, masana'antar Malbaza na fitar da siminti. Duk an auna su ne da mai albashi, kuma kaso mafi tsoka Yamai ya tsaya. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kwano da rodi da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabi. A farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye. Da yawa suka sayar, don fili ba ya ciyar da iyali. Ma'aikatun magajin gari su ma suka gano cewa yanka filaye hanyar samun kuɗi ce. Sai gari ya yi ta faɗi, filaye na riga magudanan ruwa da famfo isa, ana cike tsofaffin ramuka ana gini a kai. Bankin gidaje na ƙasa da aka buɗe a 2018 shi ma takardar albashi da ta fili yake fara tambaya. Birkila ko mai tura ruwa ina zai samo su? Ga kuma waɗanda ko an ba su rancen ba za su karɓa ba saboda kuɗin ruwa.

Gidan ƙasar ma ya gamu da tasa matsalar. Farin shekarun 1970 da na 1984 sun cinye itatuwa, azara ta yi wuya. Shi ya sa tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Cikal, kusa da Filinge, rufin ƙubba da bulon ƙasa zalla, ba ko sanda ɗaya, dabarar da aka aro daga Masar da Iran. A Yamai kuma, Mariam Issoufou da abokan aikinta sun kammala gidajen Niamey 2000 a 2016 da bulon ƙasa da inji ya matse, bene hawa ɗaya, masu sanyi a watan bazara. An yaba, an ɗauki hotuna, amma ba a mayar da shi tsarin da rance da sassaucin haraji za su bi ba.

A 2006 Nijar ta sa Birni da fadar Damagaram cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Ranar 3 ga Satumba 2024, bayan mamakon ruwan sama, tsohon masallacin Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19 ya rushe, a daminar da gidaje masu yawa suka faɗi a faɗin ƙasar. Wata guda bayan haka gwamnati ta rage farashin siminti da kashi 35 cikin ɗari, ta hanyar yafe wasu haraji. Mai ginin bulon siminti ya samu sauƙi, babu shakka. Mutumin Guna da ke tattaka ƙasa a bakin kududdufi kuwa, da maginin da zai yi wa Birni yaɓe, rangwamen bai biyo ta kansu ba.