Renon Jariri Mai Ciwon Zuciya da Wahalar Shan Nono

A cikin kowane jarirai 1,000 da ake haifa, kimanin 8 zuwa 10 suna zuwa duniya da wata matsala a halittar zuciyarsu. Wato babu ikilisiyar da za ta ce abin ya yi nisa da ita. Sau da yawa uwa ce take fara lura, kuma a wurin shayarwa take lura: yaro ya kama nono, ya ja kaɗan, ya saki yana haki, goshinsa ya jiƙe da gumi. Mun shirya wannan bayani domin iyaye, kakanni da masu ziyarar marasa lafiya su san abin da ke faruwa a jikin irin wannan jariri, da yadda za a ciyar da shi har ya yi ƙarfin karɓar magani.

Mene ne wannan ciwo?

Zuciya tana da ɗakuna 4, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iska, na hagu kuma yana tura jinin da ya sami iska zuwa sauran jiki. Halittar zuciya tana kammaluwa a makonni 8 na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da juna biyu ba.

Irin da aka fi samu shi ne rami a bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu. Akwai kuma wata jijiya da take haɗa manyan hanyoyin jini biyu sa'ad da yaro yake ciki, wadda ya kamata ta rufe a kwanakin farko bayan haihuwa. A wasu jarirai ba ta rufewa, musamman bakwaini. A waɗannan biyu, jini yana yi wa huhu yawa. Sai iri na uku, inda jinin da bai sami iska ba yake gauraya da mai iska ya zagaya jiki, har harshen yaro ya koma shuɗi-shuɗi.

A yawancin yara ba a iya nuna sanadi guda. Abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin sun haɗa da ƙyandar Jamus a farkon ciki, ciwon suga da ba a kula da shi ba, shan barasa, wasu magungunan farfaɗiya, da auren dangi na kusa. Kusan rabin yaran da aka haifa da lalurar Down suna da matsalar zuciya, don haka ya kamata a duba zuciyar kowannensu.

Me ya haɗa zuciya da shan nono?

Ga jariri, shan nono shi ne nomansa. Ba shi da aikin da ya fi shi nauyi. Dole ya tsotsa, ya haɗiye, ya yi numfashi, duka a jere. Idan jini ya yi wa huhu yawa, numfashinsa yana sauri, sai ya rasa sararin haɗiya. Yakan gaji kafin ya ƙoshi, barci ya ɗauke shi, ba da jimawa ba ya farka da yunwa. Ga shi kuma zuciya da huhu suna ƙone ƙarfi fiye da na sauran yara. Abincin da yake bukata ya fi yawa, amma abin da yake iya sha ya fi ƙanƙanta. Shi ya sa ba ya ƙiba, ko da nonon uwa yana zuba.

Yaro mai rami a zuciya yakan zama kamar lafiyayye a makonnin farko, alamun su fara fitowa tsakanin mako 4 zuwa 8. Don an yi suna lafiya, kada mu ce ai babu komai.

Alamun da za mu duba

Mu ƙirga numfashin jariri na minti ɗaya cif sa'ad da yake kwance shiru. Idan bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri; daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ko fiye. Mu duba ko ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa in ya ja numfashi. Da yake fatarmu baƙa ce, shuɗin ba ya fitowa sosai a jiki, sai mu duba harshe, dasashi da cikin leɓe a wuri mai haske.

Ma'auni mafi aminci shi ne sikeli. Jariri yakan rage nauyi kaɗan a kwanakin farko, ya mayar da shi cikin kwana 10 zuwa 14, daga nan ya riƙa ƙara kimanin giram 150 zuwa 200 a mako a watanni 3 na farko. Bayan kwana 5 da haihuwa, ya kamata ya yi fitsari aƙalla sau 6 a yini da dare. Idan nauyi ya tsaya a katin awo, mu nemi a kai mu wurin likitan yara. Hoton zuciya da ake kira eko ne yake nuna irin matsalar, ba ya kuma sa zafi. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Jos, na Shika a Zariya da na Malam Aminu Kano, suna da sashen yara inda ake tura irin waɗannan jarirai.

Yadda za mu shayar da shi

Ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan, a kai a kai. A ba shi nono kowane awa 2 zuwa 3, dare da rana, ko da sai an tashe shi. Kada a jira sai ya yi kuka, gama kuka ma yana cinye ƙarfinsa. Kada shayarwa ɗaya ta wuce minti 20 zuwa 30, domin bayan haka ƙarfin da yake kashewa ya fi abin da yake samu. A riƙe shi kansa a sama, a bar shi ya huta in ya saki, a sa shi ya yi gyatsa, a kuma ci gaba da riƙe shi a miƙe na kamar minti 20 domin rage tumbuɗi. In za a kwantar da shi, a kwantar da shi rigingine.

Nonon uwa ya fi komai, tun daga dakashi na kwanakin farko, wanda bai kamata a zubar ba. Nonon da yake fitowa a ƙarshe ya fi maiƙo, don haka a bar shi ya gama da ɗaya kafin a juya shi. In ya gaji, uwa ta wanke hannu, ta tatse sauran a kofi mai tsabta, a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali a hankali. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa 4 a ɗaki, a lokacin zafi ma gara a yi amfani da shi da wuri.

Idan duk da haka nauyi bai ƙaru ba, likita zai iya sa siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Iyaye da yawa suna tsorata da ita, suna ɗauka alamar ƙarshe ce. Ba haka ba ne: hanya ce ta ƙosar da yaro ba tare da ya yi aiki ba, kuma ana cire ta in ya yi ƙarfi. Ƙara wa nono ko madarar gwangwani kauri kuwa, sai da umarnin likita.

Abin da za mu guje wa

Kada a ba shi ruwa, dauri, jiƙo ko koko kafin wata 6. Suna cika ɗan cikinsa ba tare da amfani ba. Zuma kuma sai ya cika shekara 1. Kada a yi masa ɗura, domin abin zai iya faɗawa huhu. Kada a kai shi wurin wanzami a cire beli da sunan shi ne yake hana shi sha. Zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta suna iya kashe shi. A nisanta shi da hayaƙin murhu, ƙurar hunturu da masu mura, domin ciwon huhu yana saurin kama shi. A yi masa allurar rigakafi a kan lokaci: ranar haihuwa, mako 6, 10 da 14, da wata 9.

Magani da tiyata

Likita yakan ba da maganin rage ruwa a huhu, irin Lasix, wani lokaci da digoksin. Ana auna su bisa nauyin yaro, don haka a yi amfani da sirinji, ba cokalin shayi ba, kada kuma a sake saya a kemis ba tare da komawa asibiti ba. In ya yi amai bayan shan magani, kada a maimaita sai an tambaya.

Ƙananan ramuka da yawa suna rufewa da kansu a shekarun farko. Manya suna bukatar tiyata, kuma jinkiri mai tsawo yana iya lalata jijiyoyin huhu har aikin ya gagara. Tun 1944 aka fara yi wa yara masu shuɗin harshe aiki a asibitin Johns Hopkins a Amurka, a Najeriya kuwa an fara tiyatar buɗe zuciya a Inugu a 1974. A ƙasashen da ake samun aikin a kan lokaci, kimanin 9 cikin 10 na waɗannan yara suna girma su zama manya. Kowane giram da yaro ya ƙara shiri ne na ranar aikin.

Lokacin gaggawa

A tafi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, idan harshensa ya ƙara yin shuɗi, yana nishi da kowane numfashi, ya ƙi sha sau biyu a jere, jikinsa ya saki, yana zazzaɓi, ko yana zawo da amai alhali yana shan maganin rage ruwa. Idan shuɗin ya taso masa farat ɗaya yana kuka, a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirjinsa, a rarrashe shi, a kama hanya. A irin wannan tafiya a rungume shi a gaba inda ake ganin fuskarsa, kada a goya shi.

Rabonmu a matsayin ikilisiya

Uwar irin wannan jariri tana shan magana: wai nononta ba shi da kyau, wai wani zunubi ne ya biyo ta. Labarin mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9, ya isa ya hana mu neman mai laifi. Macen da take tashi kowane awa 2 tana bukatar abinci, ruwan sha da barci. Miji ya karɓi wani rabo na dare, ya ba da nonon da aka tatsa. Zumuntar mata su raba kwanaki na girki, wanki da kula da sauran yara. Dattawa su fara shirin gudummawar kuɗin mota, gwaji da tiyata tun da wuri. Mu yi addu'a tare da iyalin, amma kada wani a cikinmu ya ce musu su ajiye magani ko su fasa ranar ganin likita domin nuna bangaskiya. Mai mura kuma ya aika da gaisuwa, ya dakata da ziyara sai ya warke.