Yadda jirgi mai ganga biyu ya fita daga Olamfik, da yadda ya dawo

A watan Nuwamba na 2007, a garin Estoril na ƙasar Fotugal, majalisar hukumar tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska ta duniya, ISAF, ta zauna da wata matsala a gabanta. Kwamitin Olamfik ya rage mata gasanni daga 11 zuwa 10 a wasannin Landan na 2012, dole wani jirgi ya bar layi. Kwamitinta mai tsara gasanni ya ba da shawarar kada a cire katamaran, wato jirgi mai ganga biyu da aka haɗa da sanduna. Majalisa ta ƙi, ta kaɗa ƙuri'a, kuma da ɗan ƙaramin rinjaye aka jefar da jirgin da ya fi kowanne gudu a wasannin.

Sunan jirgin Tornado. Wani Baturen Ingila, Rodney March, ya zana shi a 1967 tare da Terry Pierce da Reg White. Tsawonsa ƙafa 20, mutum biyu ke tuƙa shi. Gangunan sirara ne, ba sa ture ruwa da yawa, faɗin da ke tsakaninsu kuma shi ke hana jirgin kifewa, don haka ba ya bukatar nauyin ƙarfen da ake rataya wa manyan jirage masu ganga ɗaya a ƙarƙashi. Idan iska ta kama, sai ganga ɗaya ta ɗaga sama, matuƙa su rataye a gefe da igiya. Ya shiga Olamfik a 1976, lokacin wasannin Montreal, inda aka yi tseren a Kingston ta Kanada, kuma Reg White ɗin nan da abokinsa John Osborn suka ci zinare. Daga nan bai fashi wasa ko ɗaya ba har 2008. Birazil ta ci a 1980, New Zealand a 1984, Faransa sau biyu a jere, Ostiriya ma haka a Sydney da Atina ta hannun Roman Hagara da Hans-Peter Steinacher. A kansa ne gwarzon Denmark Paul Elvstrøm, mai zinare huɗu, ya dawo fage da furfurarsa a 1984, 'yarsa Trine na taya shi, suka zo na huɗu.

To me ya ci shi? A ganina ba laifin jirgin ba ne, rashin gata ne a zauren taro. Abokin hamayyarsa a ranar shi ne Star, tsohon jirgi mai ganga ɗaya da ya fara shiga Olamfik a 1932, wanda manyan matuƙa da tsofaffin kulob-kulob na Turai da Amurka suka girma a kansa. Wakilin kowace ƙasa kuwa yana duban inda tasa ƙasar ke da damar samun lamba ne, kowa tasa ta fisshe shi.

Masu katamaran ba su yi shiru ba. Sun tara sa hannun dubban mutane, wasu hukumomin ƙasashe suka nemi a sake duba hukuncin, amma a 2008 majalisa ta tsaya a kan bakanta. ISAF ta koma ta roƙi kwamitin Olamfik ya mayar da gasa ta 11, shi ma ya ƙi a 2009. Haka aka yi tseren 2012 a Weymouth babu jirgi mai ganga biyu ko ɗaya.

Abin da ya kunyata hukuncin daga waje ya zo. A Fabrairun 2010, a Valencia, gasar Kofin Amurka, wadda ta fi kowace tsufa a wannan wasa, ta kasance karo tsakanin jirgi mai ganga uku na BMW Oracle da mai ganga biyu na Alinghi, aka kuma sanar cewa ta 2013 a San Francisco da katamaran za a yi ta. Inda kuɗi da kyamarorin talabijin suke, can jirgin da Olamfik ta kora ya koma.

A Mayun 2011, a Saint Petersburg ta Rasha, ISAF ta juya. Sai dai ta wata ƙofa jirgin ya dawo: kwamitin Olamfik na matsa lamba a daidaita yawan maza da mata, don haka aka tsara gasar a matsayin ta namiji ɗaya da mace ɗaya a jirgi guda. Star ne ya biya kuɗin wannan, aka cire shi daga wasannin 2016. Tornado kansa bai ci moriyar yaƙin da aka yi dominsa ba. Bayan gwaji a Santander ta Sifaniya a 2012, aka zaɓi sabon jirgi, Nacra 17, wanda ya fi shi ƙanƙanta kuma ya fi dacewa da nauyin namiji da mace.

Zinaren farko a wasannin Rio na 2016 ya tafi Ajantina. Santiago Lange, mai shekara 54, wanda ya ci tagulla sau biyu a kan Tornado a 2004 da 2008, ya zo ne bayan an cire masa wani sashe na huhu saboda ciwon daji, shi da Cecilia Carranza Saroli suka doke samari. Kafin wasannin Tokyo aka sa wa jirgin fukafukai a ƙarƙashi da ke ɗaga shi gaba ɗaya daga saman ruwa, kuma Ruggero Tita da Caterina Banti na Italiya suka mallake shi, a Enoshima a 2021 da kuma Marseille a 2024.

An bar wa Nacra 17 gurbinsa a wasannin Los Angeles na 2028. Amma gasannin har yanzu 10 ne, kuma wuƙar ba ta koma kube ba: bayan Tokyo an cire jirgin Finn, wanda ke ciki tun 1952, aka haɗe gasannin jirgin 470 na maza da mata suka zama ɗaya, don a buɗe wa masu sulu da lema mai jan iska wuri. Jirgi mai fukafukai kuma tsada gare shi, saye da gyara da jigila, abin da ke rage ƙasashen da za su iya shiga, kuma yawan ƙasashe na cikin ma'aunan da kwamitin Olamfik ke dubawa duk lokacin da aka zo rabon gurabe.